Alƙalami Biyu a Ƙasar Arewa: Abdoulaye Mamani da Amadou Ousmane

Duk mai bin tarihin rubutu a Nijar zai tarar cewa yawancin marubutan farko ba adabi kaɗai suka riƙa ba. Wasu malaman makaranta ne, wasu ƴan siyasa, wasu kuwa ƴan jarida, kuma sau da yawa mutum guda yakan haɗa biyu ko uku. Ƙasar Arewa, wato yankin Dogon Dutsi da Tibiri a jihar Doso, tana da alaƙa da biyu daga cikin fitattunsu. Ɗaya baƙo ne da ya ɗauki labarin Arewa ya kai shi duniya, ɗayan kuma ɗan ƙasa ne da ya tafi Yamai ya rubuta labarin masu mulki. Zamani guda suka yi, a ƙarƙashin shugaba guda, amma kowa da gefen da ya tsaya.

An haifi Abdoulaye Mamani a shekarar 1932 a Gudumariya, can gabashin ƙasar, ya kuma yi tashensa a Damagaram. Tun yana saurayi ya shiga harkar ƙungiyoyin ƙwadago, daga nan ya bi Djibo Bakary cikin jam'iyyar Sawaba, inda ya zama wakilin jama'a kuma ɗaya daga cikin masu riƙe mata alƙalami. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 Sawaba ta nemi jama'a su ƙi tayin Janar de Gaulle, su zaɓi ƴancin kai nan take. Ba ta yi nasara ba. Mulki ya koma hannun Diori Hamani, a 1959 kuma aka haramta jam'iyyar. Mamani ya bi sahun ƴan uwansa zuwa gudun hijira, ya daɗe a Aljeriya yana aikin jarida. A wannan zama ne ya fitar da kundin waƙoƙinsa na Faransanci, Poémérides, a 1972.

Da sojoji suka kifar da Diori ranar 15 ga Afrilu 1974, ƴan Sawaba da yawa suka ɗauka ƙofa ta buɗe, suka komo gida. Murnar ba ta yi nisa ba, domin gwamnatin Seyni Kountché ta kama Djibo Bakary, shi ma Mamani ya sha ɗauri na shekaru. Bayan wannan wahala ne, a 1980, kamfanin L'Harmattan na Paris ya buga littafin da ya ɗaukaka sunansa, Sarraounia.

Tushen littafin yana Lugu, wani ƙauye na gundumar Dogon Dutsi, mazaunin Sarauniya, shugabar addinin gargajiya ta Azna. A farkon 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Voulet da Chanoine ta taso daga bakin kogin Kwara da nufin isa tafkin Cadi, tana ƙona garuruwa tana kwasar mutane da dabbobi. A watan Afrilu ta iso Lugu, mutanen Sarauniya Mangu suka tare ta da kwari da baka. Bayanan Faransawa sun nuna an kashe musu mutum 4, an raunata 6. An ƙone garin, jama'a suka shige kurmi, suka dawo bayan wucewar rundunar. A watan Mayu rundunar ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe Laftanar-Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da shi, cikin ƴan kwanaki kuma sojojinsu suka kashe Voulet da Chanoine a wajen Maijirgi.

A takardun Turawa yaƙin Lugu layuka kaɗan ne. Mamani ya ɗauki waɗannan layuka ya gina jaruma a kansu: mace mai jan daga, wadda ta ƙi miƙa wuya a lokacin da wasu sarakuna suka zaɓi sulhu. A nan ne hannun ɗan siyasa ya bayyana. Mutumin da jam'iyyarsa ta ce a'a a 1958 ta sha kaye, ya samo wadda ta riga shi cewa a'a da kusan shekara 60. Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mayar da littafin fim a 1986. A Burkina Faso aka ɗauke shi, Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, kuma ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987. Mamani ya rasu a haɗarin mota a 1993, a kan hanyarsa ta zuwa Yamai karɓar lambar yabo ta adabi.

Sai dai Sarauniyar littafi da ta Lugu ba daidai suke ba, kuma wannan abu ne da ya kamata malamai su fayyace wa ɗalibai. A Lugu sarauniya muƙami ne da ake gada, aikinta tsare al'ada da roƙon albarkar ƙasa, kusa da dutsen Tunguma da ake kai wa shari'a. Dattawan garin sun fi tuna Mangu da ƙarfin asiri fiye da riƙon makami. Masu bincike irin su Antoinette Tidjani Alou ta Jami'ar Abdou Moumouni da Elara Bertho sun nuna yadda hoton da Mamani ya zana ya shiga makarantu da wasannin dandali, har ya dawo yana sauya yadda ake ba da labarin a baka.

Amadou Ousmane kuwa ɗan Tibirin Arewa ne, garin Samna, wanda ya bambanta da Tibirin Gobir na kusa da Maraɗi. An haife shi a 1948, ya yi rayuwarsa cikin aikin jaridar gwamnati, har ya riƙe harkar hulɗa da ƴan jarida a fadar Kountché. A wancan zamani jarida ta hukuma ce kawai: Le Temps du Niger ta zama Le Sahel a 1974, sai a 1990 aka ga jarida mai zaman kanta, Haske, gab da taron ƙasa na 1991. Ɗan jaridar da ke son faɗin abin da ya wuce sanarwar hukuma, dole ya nemi wata kafa. Ousmane ya same ta a ƙagaggen labari.

Littafinsa na farko, 15 ans, ça suffit!, ya fito a 1977. Shekaru 15 ɗin da ke cikin sunan su ne na mulkin Diori, jigonsa kuma shi ne karkatar da abincin agaji a lokacin fari da yunwar farkon shekarun 1970, laifin da sojoji suka kafa hujja da shi ranar juyin mulki. Na biyu, Le Nouveau Juge, na 1981, ya leƙa ɗakin shari'a, inda dangantaka da matsin manya ke gwada ƙarfin alƙali. Salonsa na mai ɗauko rahoto ne, zance a miƙe, abin da ya sa littattafan suka karɓu a hannun ɗalibai. Mai karatu na iya lura cewa sukar ta faɗa kan gwamnatin da ta riga ta faɗi, ta kuma yi daidai da bakin wadda ke kan gado. Duk da haka cutar da ya bayyana, wato cin amanar talaka a lokacin yunwa, ba ta tafi da Diori ba, shi ya sa littafin bai tsufa ba. Ousmane ya rasu a 2018.

Idan aka jera su biyun, za a ga yadda mulkin soja ya raba wa marubuta hanya. Wanda ke wajen fada ya koma 1899 don ya yi magana a kan zamaninsa, wanda ke cikin fada ya tsaya ga shekarun da aka yarda a soka. Dukansu da Faransanci suka rubuta, alhali mutanen Lugu da Matankari da Tibiri, waɗanda labarin ya fi shafa, Hausa suke ji. Nan ne aiki ya rage wa malamai da ƙungiyoyin al'adu na Arewa: a karanta littattafan nan da Hausa, a kuma ajiye su gefe da gefe da abin da dattawan Lugu ke faɗa tun suna da rai.