Fasali A Kan Sauyin Hannu Da Yadda Hali Yake Zama

Ka sani, ya ɗan'uwa, da yawa mutum yakan ƙulla azama da dare cewa ya bar wani hali, gari na wayewa ya tarar halin ya riga shi tashi. Sai ya tuhumi zuciyarsa da rauni. To, hanyar da ta ratsa ƙasar Mai'adua tana da labarin da yake nuna ba a nan cutar take ba.

Hanyar nan ita ce ta taso daga Daura, ta bi ta Kwangwalam, ta shiga Nijar zuwa Matamai da Damagaram. Kafin 1972 motocin Nijeriya hannun hagu suke bi, gadon Ingila, na Nijar kuwa dama, gadon Faransa. Direban da ya shekara goma yana bin hagu, da zarar ya ƙetare iyaka sai ya koma dama, in ya juyo gida ya koma hagu. Ba wanda ya ce direbobin nan sun fi sauran jama'a ƙarfin zuciya. Motar da ke tahowa gabansa ita ce mai yi masa tuni, ita kuwa ba ta mantuwa.

Ran Lahadi, 2 ga Afrilu 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, ƙasar duka ta koma dama. Hukuma ba ta tsaya ga wa'azi ba. Ta sanar tun da wuri, ta juya allunan hanya, ta yanka wa kowa rana guda, daga baya motocin da ake shigowa da su suka zama masu sitiyari a hagu. Tsohon hali ya nemi wurin zama ya rasa. Mai son barin taba ya kamata ya yi wa wannan dogon nazari, domin majalisar da yake zama bayan la'asar da teburin da yake wucewa kullum su ne allunan hanyarsa, kuma har yanzu tsohon hannu suke nuna masa.

A farkon Janairu 1973 naira da kwabo suka maye fam da sule. Hannu ya saba da wuri, saboda an janye tsohon kuɗi. Harshe kuwa, da yake ba a toshe masa komai ba, ya shekara da shekaru yana kiran kwabo goma sule, naira biyu fam, naira ɗari biyu jaka.

Sannan a Maris 1984 Janar Muhammadu Buhari, ɗan Daura, tare da Tunde Idiagbon, suka ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a. Jama'a suka bi layi a tasha da banki da gidan waya, soja na tsaye da bulala. Niyyar kyakkyawa ce, sai dai bulala azamar wani ce aka ara wa mutane, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Da aka kifar da gwamnatin a Agusta 1985, layin ya watse a wurare da yawa, tunda motar haya ba ta ƙaru ba, tagar biyan kuɗi ma tana nan guda ɗaya. Abin da ya daɗe daga cikin yaƙin shi ne sharar Asabar ɗin ƙarshen wata, wadda aka yanka wa rana, aka tsayar da zirga-zirga da safe, maƙwabci ya fito da tsintsiya yana kallon ƙofar maƙwabcinsa. Jihohi da dama sun ci gaba da ita shekaru masu yawa bayan masu bulalar sun koma bariki.