Dokar Ƙwadago Tsakanin Ƙasashe da Tarihin Aikin Tilas a Ƙasashen da Aka Mallaka

Tunanin kafa dokar ƙwadago wadda za ta ɗaure ƙasashe da yawa a lokaci guda ya samo asali ne daga masana'antun Turai na ƙarni na 19, inda masu neman a sassauta wa ma'aikaci suka riƙa cin karo da hujja guda a duk inda suka kai kukansu, wato cewa ƙasar da ta fara rage sa'o'in aiki ko ta hana sa yara aiki za ta tsawwala wa kayanta farashi, maƙwabtanta kuma su ƙwace mata kasuwa. Robert Owen, wani mai masaƙa a Birtaniya, ya gabatar da koke a gaban manyan ƙasashen Turai a taron Aix-la-Chapelle na 1818, amma ba a kai ga yarjejeniyar da ke da ƙarfin doka ba sai bayan kusan shekara casa'in.

Ashana ce ta fara buɗe wannan ƙofa. A wancan zamani ana yin kanta ne da farin fosfaras, wani sinadari mai guba wanda tururinsa ke shiga ta ruɓaɓɓen haƙori ya cinye ƙashin muƙamuƙi, kuma da yawa daga cikin waɗanda ciwon ya nakasa mata ne da 'yan mata, irin waɗanda suka yi yajin aiki a kamfanin Bryant and May na Landan a 1888. Akwai jan fosfaras wanda ba ya wannan ɓarna, sai dai ya fi tsada, don haka babu mai kamfanin da ya so ya fara sauyawa shi kaɗai. Yarjejeniyar Bern ta 1906 ta warware matsalar ta hanyar haramta yin irin wannan ashana da sayar da ita da kuma shigo da ita daga waje, kuma hana shigowar nan shi ne ƙashin bayan dokar, domin ya toshe wa mai arha mai guba hanyar zuwa hannun mai saye. Amurka, wadda ba ta shiga yarjejeniyar ba, ta ɗora wa ashanar haraji mai nauyi a 1912 har sana'ar ta mutu.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta kafa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta sha bamban da sauran hukumomin duniya ta fuskar tsarinta, domin kowace ƙasa tana tura wakilai biyu na gwamnati da ɗaya na masu ɗaukar aiki da ɗaya na ma'aikata, kowannensu da ƙuri'arsa. Taronta na farko, wanda aka yi a Washinton a shekarar, ya amince da aikin sa'a 8 a rana da sa'a 48 a mako a masana'antu. Sai dai a cikin wannan tsari aka bar wata kafa wadda ta shafi miliyoyin mutane a Afirka da Asiya: an yarda wa ƙasar da ke mulkin mallaka ta ƙi aiwatar da wata yarjejeniya a ƙasashen da take riƙe da su, ko ta yi mata kwaskwarima, muddin ta ce yanayin wurin bai dace da ita ba, alhali mutanen da abin ya shafa ba su da kujera a zauren da ake yanke hukuncin.

Abin da ya fi damun talakan ƙasar mallaka a lokacin shi ne aikin tilas, domin da shi aka riƙa ɗaukar kayan Turawa a ka, da shi aka share hanyoyi aka shimfiɗa layin dogo, kuma layin Kongo zuwa teku da Faransa ta gina tsakanin 1921 da 1934 ya ci rayukan dubban mutane. Bayan Yarjejeniyar Hana Bauta ta 1926, wani kwamitin ƙwararru wanda Lugga, tsohon gwamnan Nijeriya, yake cikinsa ya share fagen Yarjejeniya ta 29, wadda aka amince da ita a 1930. Ta fassara aikin tilas da cewa shi ne duk aikin da aka sa mutum ta hanyar barazanar hukunci ba tare da shi ya miƙa kansa ba, ta hana yin sa don amfanin kamfanoni masu zaman kansu, ta hana shi a ramukan ma'adinai na ƙarƙashin ƙasa, sannan ta taƙaita wanda aka bari na wucin gadi ga maza majiya ƙarfi masu shekara 18 zuwa 45, na kwanakin da ba su wuce 60 a shekara ba. Birtaniya ta amince da ita a 1931, Faransa a 1937, Fotugal kuwa sai 1956. Amma yarjejeniyar ta cire wasu ayyuka daga ma'anar tilas, ciki har da aikin soja da ƙananan ayyukan gayya na gari da duk abin da halin gaggawa, kamar yaƙi ko annoba ko yunwa, ya jawo.

Ta wannan kafa ta yaƙi aka bi a Arewacin Nijeriya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta kame Malaya a farkon 1942, Birtaniya ta rasa babban wurin da take samun kuza, sai ta juya ga filayen Jos, ta kuma umarci hukumomin En'e su tattaro mata leburori, abin da jama'a suka kira ɗiban gwamna. Hakimai da dagatai ne aka ɗora wa nauyin cika adadi, kuma tsakanin 1942 da 1944 an kwashi manoma kimanin 100,000 daga larduna daban-daban aka kai su ramukan da kamfanoni masu zaman kansu ke cin ribarsu. Mutanen da suka saba da zafin ƙasarsu sun tarar da sanyin tsaunin Jos babu isasshen bargo, babu wadataccen abinci, ga cunkoso a bukkokin sansani, ciwon ƙirji da gudawa suka kashe da yawa, wasu kuma masu yawa suka tsere, gonakin da aka bari babu mai noma suka ƙara wa ƙauyuka ƙarancin hatsi. Kuzar da aka samu ƙari ba ta taka kara ta karya ba idan aka gwada da wahalar da aka sha, kuma suka daga majalisar dokokin Birtaniya na cikin abin da ya sa aka soke tsarin a 1944. Wannan shi ne mafi bayyanar rauni a dokar 1930, domin ta bar wa mai tilastawa ikon faɗin lokacin da tilas ta halatta.

A ɓangaren Faransa, wanda ya haɗa da Nijar, ƙarshen aikin tilas ya zo ne lokacin da 'yan Afirka suka samu kujeru a majalisar Faris, inda Félix Houphouët-Boigny ya jagoranci dokar 11 ga Afrilu 1946 da ta haramta shi, kafin yaje-yajen aikin ma'aikata su taimaka a samu kundin dokar ƙwadago na ƙasashen ƙetare a 1952. Ƙungiyar Ƙwadago ta ƙara Yarjejeniya ta 105 a 1957, wadda ta hana amfani da aikin tilas don hukunta ra'ayin siyasa ko yajin aiki ko da sunan raya ƙasa, ta kuma buɗe ofishinta na farko a Afirka a Legas a 1959. Nijeriya ta shiga ƙungiyar a 1960, Nijar a 1961. A 2014 aka yi wa Yarjejeniya ta 29 ƙarin da ya share sassan wucin gadi na zamanin mallaka, ya kuma wajabta kare waɗanda aka zalunta da buɗe musu hanyar neman diyya, kuma Jamhuriyar Nijar ce ƙasa ta farko a duniya da ta amince da shi, a 2015.