Daga Gidan Mari Zuwa Majalisar Waɗanda Suka Daina

'Yan'uwa marubuta, a yawancin labaranmu ɗan ƙwaya ƙarshensa biyu ne: ko ya haukace, ko ya tuba dare ɗaya. Tarihi kuwa ba haka ya nuna mana ba.

Mun taso mun tarar da gidan mari. Yaro in ya gagara, sai a kai shi a sa masa ƙarfe a ƙafa. Iyayen ba mugunta suka nufa ba, iya abin da suka sani ke nan. A 2018 BBC ta fitar da bincikenta kan kodin, duniya ta ga matasa ɗaure da sarƙa a cibiyar gyaran hali ta Ɗorayi a Kano, nan take gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai kodin da shigo da shi. A Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, na Daura ya biyo baya a Oktoba. An kwance mari, amma da me za a maye gurbinsa?

Wasu sun riga mu neman amsa. A 1935, a garin Akron na Amurka, mashaya giya biyu, Bill Wilson da Dakta Bob Smith, suka gano cewa wanda ya ɗanɗana ciwon ya fi iya riƙe ɗan'uwansa. Daga nan ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta samo asali. Sai dai hira ba ta tsayar da jijjigar da kan kama wanda ya bar giya farat ɗaya, wadda takan yi kisa. Shi ya sa wajen 1950 asibitoci a jihar Minnesota suka haɗa likita da masanin halayyar ɗan Adam da tsohon mashayi a aiki guda.

A nan gida ma, a 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abekuta: mai taɓin hankali yana karɓar magani a asibiti da rana, ya kwana cikin jama'a tare da danginsa.

Yanzu mu dawo Kafin Dafga. A ce matashinmu ya gama kwanakinsa a makarantar gyaran tarbiyya ta Kiru, maƙwabciyar Ƙaraye, ko a asibitin Dawanau. Ranar da ya dawo, majalisar da ta koya masa shan tana nan inda ya bar ta. Likita ya yi nasa. Saura majalisar waɗanda suka daina, wadda zai shiga da yardarsa, a rufa masa asiri, ba duka, ba gori, in ya sake faɗawa a mayar da shi wurin likita.

Mun cika littattafai da yadda ake lalacewa. Wa zai rubuta mana wata shida na farko bayan dawowa gida?