Yadda mai ciwon gawut ya samu bakin magana a gaban likita

Gawut wani nau'in amosanin gaɓɓai ne da aka daɗe da sani. Hippocrates ya yi bayaninsa a Girka tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa. Yakan taso da tsakar dare, galibi a gindin babban yatsan ƙafa. Gaɓar ta kumbura, ta yi jajir, ta ɗauki zafi, har mutum ya kasa jure nauyin mayafi a kanta. Turawa sun laƙaba masa sunan cutar sarakuna, don a ganinsu masu cika ciki da nama da giya yake kamawa. Wannan fahimta ta sa aka yi ɗaruruwan shekaru ana ɗora wa majinyaci laifi, likita ya yi masa faɗa a kan abinci, ya sallame shi.

A 1848 Alfred Garrod ya nuna a Landan cewa jinin masu ciwon yana ɗauke da sinadarin yurik asid fiye da kima. A 1961 Daniel McCarty da Joseph Hollander suka gano ƙwayoyinsa masu tsini a ruwan gaɓar da ta kumbura. A 1966 kuma Amurka ta amince da allopurinol, maganin da ya fito daga aikin Gertrude Elion da George Hitchings, wanda ke rage yurik asid ɗin da jiki ke samarwa.

Magani ya samu, ga arha, amma ciwon bai ja da baya ba, domin mutane da yawa suna ajiye maganin. Dalilin a fili yake. Allopurinol kan tayar da ciwon a watannin farko, yayin da tsofaffin ƙwayoyin ke narkewa. Wanda ba a gargaɗe shi ba sai ya ce maganin bai karɓe shi ba. Wanda ya samu sauƙi kuma ya ga ba dalilin shan ƙwaya kullum alhali ba inda ke masa ciwo. Likita na da alƙalami, amma kwalbar magani tana hannun majinyaci.

A daidai wannan lokaci tunanin likitoci ma yana sauyawa. A 1982 wani kwamitin shugaban ƙasar Amurka kan ɗa'ar aikin likita ya ba da shawarar likita da majinyaci su riƙa yanke hukunci tare. A 1997 Cathy Charles da abokan aikinta a Kanada suka fayyace sharuɗɗan hakan: kowane ɓangare ya kawo abin da ya sani, a tattauna zaɓi, a cimma matsaya. A 2015 Kotun Ƙolin Birtaniya, a shari'ar Montgomery, ta wajabta wa likita bayyana duk haɗarin da majinyaci zai ɗauka da muhimmanci.

Hujjar da ta shafi gawut kai tsaye ta fito daga Nottingham. A 2018 Michael Doherty da tawagarsa suka wallafa a mujallar Lancet sakamakon gwaji a kan majinyata 517. An haɗa rabinsu da ma'aikatan jinya da ke zama da su, su yi musu bayanin ciwon, su ji damuwarsu, sannan a tsara magani tare. Bayan shekara 2, kashi 95 cikin 100 na waɗannan sun sauke yurik asid zuwa inda ake so, amma kashi 30 kacal na masu zuwa wurin likita yadda aka saba suka kai. Magungunan kuwa waɗanda aka sani ne tuntuni.

Su kansu likitocin ba bakinsu ɗaya ba. Ƙungiyar likitocin cututtukan ciki ta Amurka ta ce a 2016 hujjar bin wani adadin yurik asid a jini ba ta wadatar ba, ƙungiyar likitocin gaɓɓai kuma ta jaddada a 2020 cewa a riƙe shi ƙasa da miligiram 6 a kowace desilita. Ga kuma wani maganin gawut, febuxostat, da hukumar magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗi a 2019 kan haɗari ga zuciya. Tun da masana sun saɓa, majinyaci na da haƙƙin jin ɓangarorin biyu kafin ya ɗauki maganin da zai iya sha har ƙarshen rayuwarsa.