Ranar da Kwamiti Ya Shigo Aji: Tarihin Auna Malami a Diffa

Duk malamin lakwal na zamaninmu yana da rana guda da ba ya mantawa, ranar da kwamiti ya shigo masa aji. Tawa ta same ni a wani ƙauye na bakin kogin Kumadugu, gabas da Diffa, lokacin shanyar tattasai, gari duk ya yi jawur. Mutum uku suka sauko daga mota da hantsi: anspektar, da daraktan wata makaranta, da wani dattijon malami. Suka wuce bayan aji suka zauna a bencin yara. Na koyar da karatu, na koyar da lissafi, na fita da yara fili motsa jiki, ba wanda ya ce mini uffan. Da aka tashi yara, sai suka buɗe littafin da nake shirya darasi a cikinsa, suka bi shi shafi-shafi, suka duba littattafan yara ko ina gyara su da jan biro, sannan suka yi mini tambayoyi kan dokar makaranta.

Abin da ya zauna mini a rai shi ne maganar dattijon nan bayan an gama. Ya ja ni gindin bedi ya ce, "Mushe, darasinka ya yi. Amma yaran layin baya Barbarci kawai suke ji, kai kuwa da na gaba kaɗai ka yi magana." Ya nuna mini yadda ake sa yaron da ya gane ya ja ɗan'uwansa. Na ci jarrabawar, na kuma koma aji washegari da abin da ban sani ba jiya. Awon malami ke nan yadda muka gaje shi: wanda ya fi ka sanin aikin ya zauna ya ga hannunka, ya yanke hukunci, ya bar maka gyara.

Tsani ne mai matakai, kowa ya san nasa. A zamaninmu, mai birebe ya shiga makarantar horon malamai, ya fito da takardar CFEEN, ya yi koyarwa, kwamiti ya zo ya ba shi CEAP, ya zama mataimakin malami tabbatacce. Bayan wasu shekaru ya nemi CAP, a rubuce da kuma a aji, ya zama cikakken malamin firamare. Wanda zai koyar a kwaleji yana buƙatar DAP/CEG. Wanda zai riƙe manyan azuzuwan lise, masu shirin bak, takardarsa ita ce CAPES. Sama da su akwai masu ba malamai shawara da anspektoci, su ma da gasa ake shiga horonsu. Kowane mataki yana da albashinsa da girmansa, kuma ba a hawa sai an gwada mutum.

Daga Faransa tsarin ya zo, wannan ba a ɓoye yake ba. Malaman Nijar na farko sai da suka je Senegal, makarantar William Ponty, kafin a kira su malamai. Can Bubu Hama ya yi karatu, can Diori Hamani ya yi, kuma duka biyun alli suka riƙe kafin siyasa. Mu ƴan gabas, Damagaram ce ta horar da yawancinmu. Amma matakin sama, na malaman kwaleji da lise, a Yamai yake a lokacin, a babbar makarantar horon malamai ta ENS da ke cikin jami'ar da aka kafa a farkon shekarun 1970, wadda tun 1992 take ɗauke da sunan Abdu Mumuni. Shi wannan masanin kimiyya tun 1964 ya fitar da littafi kan ilimi a Afirka, yana jan hankali a kan koyarwa da harsunan gida. Daga Diffa zuwa Yamai ya haura kilomita 1,300. Malamin Bosso ko Ngigmi da ke son hawa mataki sai ya bar iyali, ya kwana biyu a hanya, ya nemi wurin sauka a birnin da bai san kowa ba. Da yawa daga cikin gwanayen da na sani sun tsufa a matakin farko saboda nisan nan kawai. Shi ya sa shekaru da dama azuzuwan lissafi da kimiyya na kwalejojinmu da lise Idriss Alaoma suka dogara da baƙi da ƴan wasu jihohi, waɗanda da zarar sun sami dama sai su nemi canji zuwa yamma. Ban ga laifinsu ba. Kowa yana son kusa da gida.

Shekarun 1990 ne suka karya tsanin. Baitulmali ya bushe, masu ba da bashi na duniya suka matsa a rage ɗaukar ma'aikata, aka karya darajar sefa a watan Janairun 1994, albashi ya riƙa yin watanni bai zo ba, yajin aiki ya cinye shekarun karatu. A ranar 1 ga Yunin 1998 aka sa hannu kan dokar LOSEN da ta tsara ilimin ƙasa, kuma a wannan zamanin ne aka fara ɗaukar ƴan sa-kai su riƙe aji, waɗanda daga baya suka koma malaman kwantaragi. Da shirin ilimi na shekara goma, PDDE, ya kankama a 2003, ga kuma azuzuwan da shirin musamman na Shugaba Tandja Mamadu, ɗan Maine-Soroa, ya gina a ƙauyuka, sai aka buƙaci malamai dubbai cikin gaggawa.

A nan dole in yi adalci. Yaran Tumur da Kablewa da rugagen Fulani da ba su taɓa ganin allo ba sun shiga makaranta a wannan lokacin, kuma ɗan kwantaragi ne ya kai musu ita. Shi ya kwana a ajin zana, shi ya sha ruwan rijiya mai kanwa, a kan kuɗin da bai kai na mai lambar aiki ba. Illar ita ce an ɗauki da yawa ba horo, ko da horon ƴan makonni, kuma ba a shimfiɗa musu hanyar hawa ba. A sakandare kuwa, ɗalibin da ya gama jami'a ya zo bautar ƙasa sai a miƙa masa ajin bak, alhali ko awa guda bai taɓa yi ba yana koyon yadda ake koyarwa. Sanin lissafi daban, sanin yadda za a sa yaro ya gane lissafi daban.

A lokacin na zama mai ba malamai shawara. Makarantun da ke hannuna sun ninka, man babur bai ƙaru ba. Na taɓa iske wata malama da ta shekara shida tana koyarwa, ba wanda ya taɓa zama a bayan ajinta. Da na shiga sai jikinta ya ɗauki rawa, ta zaci korarta na zo yi. Na ce, "Madam, kwantar da hankalinki, darasi na zo gani." Tana da baiwa ƙwarai, tana jin Barbarci da Fulatanci, yara suna sonta. Abin da ta rasa ƙanƙane ne, wanda ziyara biyu ko uku za su gyara tun shekararta ta fari. Taron ƙara wa juna sani da muke kira CAPED shi ya riƙe mu, inda malaman yanki ke haɗuwa ɗaya ya koyar saura su yi gyara, amma shi ma sai an sami kuɗin zirga-zirga.

Sai ga 6 ga Fabrairun 2015, ranar da Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa. Aka kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur. Wanda bai san aikinmu ba ba zai gane nauyin wannan ba: babur shi ne ƙafar mai duba malamai. Makarantu sama da ɗari na bakin kogi suka rufe, jama'a suka kwararo bakin babbar hanya ta ɗaya, aka kafa azuzuwan tanti. Bayan harin Bosso na 3 ga Yunin 2016 abin ya ƙaru. Malami guda ya sami kansa gaban yara masu harsuna huɗu, wasu daga Damasak da Malam Fatori, wasu sun ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Babu takardar da ta shirya kowa ga wannan aikin, kuma waɗanda suka yi shi sun cancanci a rubuta musu shi a cikin fayil ɗinsu.

Ana cikin haka aka zo awon 2017. Binciken PASEC na 2014 ya riga ya nuna cewa a ƙarshen firamare, ƙasa da yaro ɗaya cikin goma ne a Nijar ya kai matakin da ake so a karatu. Ministan ilimin firamare na lokacin, Dauda Mamadu Marte, ya sa aka yi wa malaman kwantaragi jarrabawar Faransanci da lissafi a watan Yuli, a faɗin ƙasa. Ƙungiyoyin malamai suka yi kira a ƙaurace, suna cewa a zo a auna su a cikin aji. Kimanin kashi ɗaya cikin uku ne suka sami 10 bisa 20, aka soke kwantaragin dubbai, aka tura wasu ƙarin horo. A shekarar ce kuma, can Najeriya, gwamnatin Kaduna ta gwada malamanta na firamare, 21,780 cikin kusan 33,000 suka faɗi. Najeriya tana da hukumar rajistar malamai, TRCN, tun dokar 1993, mai ba da lasisin koyarwa, amma ita ma ba ta tsira daga wannan ciwon ba.

Ra'ayina kan awon namu na 2017 bai canja ba tun lokacin. Ministan yana da gaskiya: wanda bai iya lissafin aji shida ba bai kamata ya koyar da shi ba, kuma iyayen yara suna da haƙƙin a faɗa musu. Ƙungiyoyin ma suna da gaskiya: takardar awa biyu tana nuna abin da mutum ya sani, ba ta nuna yadda yake riƙe aji. Kuma hukumar da ta ɗauki mutum ba horo, ta bar shi shekara goma ba ziyara, tana da kaso a cikin faɗuwarsa. Abin da ya fi damuna shi ne tun daga lokacin kalmar awo ta koma abin tsoro a bakin malamai, alhali a wurinmu ƙofar ƙarin girma ce.

Yau Diffa tana da makarantar horon malaman firamare tata, tana da jami'a tun 2014, wadda ta fara da fannin noma da muhalli. Kundin tafiyar da mulkin ƙasa da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, wanda ke nufin tambayar da dattijon nan ya yi mini a gindin bedi ta dawo: da wane harshe malami zai isa ga yaran layin baya, kuma wa zai auna shi a kai? Makarantun gwaji na harsunan gida sun fara tun 1973 a Damagaram, akwai tsofaffin malamansu da za a tambaya tun suna raye.

Kirana ga ma'aikatar ilimi da hukumomin jiha shi ne a kawo horo da jarrabawar malaman kwaleji da lise nan Diffa, ko da zango-zango ne lokacin hutu, domin ɗan kwantaragin Chetimari ko Gudumariya ya sami DAP/CEG ko CAPES ba tare da ya bar ajinsa da iyalinsa ba. A ba masu duba malamai abin hawa da mai, a wajabta cewa kowane malami a zauna a bayan ajinsa aƙalla sau ɗaya a shekara. Ku kuma ƴan'uwana da muka yi ritaya, muna nan cikin gari da lafiyarmu; in an neme mu zama a kwamiti, mu amsa.