Tarihin Samuwar Cscope da Bunƙasarsa

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar rubutun manhaja. Shi kuwa wannan babi zai waiwayi tarihin cscope, wato wata 'yar manhaja da ake sarrafawa ta hanyar buga umarni, wadda ke nemo duk inda wani suna ya fito a cikin rubutun manhaja. Manufar ita ce a nuna cewa wahalar karanta aikin wani ita ce ta haifar da ita.

2.1 Matsalar da ta Haifar da Ita

A shekarar 1972 ne Dennis Ritchie ya ƙirƙiro harshen C a cibiyar bincike ta Bell Labs da ke Amurka. Da manhajoji suka girma, sai ya zamana ana rarraba rubutunsu cikin ɗaruruwan fayiloli, mutane da dama ne kuma ke rubuta su. Idan ma'aikaci ya sauya wani sashen aiki ba tare da sanin sassan da suka dogara da shi ba, gyara kan zama ɓarna. A lokacin akwai grep, wadda Ken Thompson ya rubuta, amma ita kalma kawai take nema, ba ta bambance inda aka ƙirƙiri suna da inda aka ambace shi. Haka nan ctags ta Ken Arnold, wadda ta fito daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a ƙarshen shekarun 1970, tana kai mutum inda aka ƙirƙiri suna ne kurum.

2.2 Samuwarta da Yadda Take Aiki

Joe Steffen na Bell Labs shi ne ya fara rubuta cscope a farkon shekarun 1980, a kan kwamfuta samfurin PDP-11. Dabarar da ya bi ita ce, manhajar ta karance fayilolin gaba ɗaya, ta tsara fihirisa a wani fayil mai suna cscope.out. Daga nan sai mai aiki ya riƙa yi mata tambayoyi: Ina aka ƙirƙiri wannan suna? Waɗanne sassa ne ke kiran wannan sashe? Shi kuma waɗanne yake kira? Ba ta tsananta bin nahawun C, saboda haka ko rubutun bai kammala ba takan ba da amsa. Sai dai wannan sassauci shi ne kuma rauninta, domin takan rikita sunaye masu kama da juna, musamman a harshen C++.

2.3 Sakinta ga Jama'a

Cscope ta daɗe a matsayin mallakar kamfani, ana samun ta cikin Unix na AT&T. A shekarar 2000 kamfanin Santa Cruz Operation ya sake ta kyauta bisa lasisin BSD, masu amfani da Vim da masu nazarin Linux suka rungume ta. Bayan da Microsoft ya fito da tsarin LSP a 2016, wanda ke dogara da cikakken nazarin nahawu, sai tasirinta ya fara raguwa, har Neovim ta daina tallafa mata a 2023.

2.4 Naɗewa

A taƙaice, an ga cewa kayan aikin sun sauya, amma tambayoyin da Steffen ya tsara su ne dai ake yi har yau. Babi na gaba zai kwatanta cscope da takwarorinta.