Zaɓen Kamshaf Domin Ƙara wa Injin Babur Ƙarfi: Nazari a Kan Injin Twin Cam na Harley-Davidson

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci ma'aunan da ake dubawa wajen zaɓen kamshaf ga babur ɗin da ake son ƙara wa injinsa ƙarfi, inda ta ɗauki injin Twin Cam na kamfanin Harley-Davidson da ke Amurka a matsayin misali. Ta nuna cewa lokacin rufewar bawul ɗin shigarwa, da dacewarsa da matsin silinda da nauyin babur, shi ne ya fi cancantar kulawa a kan manyan alƙaluman da masu sayarwa suke tallatawa.

1.0 Gabatarwa

Injin da ke aiki a bugu huɗu, wanda Nikolaus Otto ya samar a Jamus a 1876, yakan zuƙi cakuɗen iska da fetur, ya matse shi, ya ƙona shi, sannan ya fitar da hayaƙi, duk a cikin juyi biyu na kiranshaf, wato digiri 720. Kamshaf sandan ƙarfe ne mai tozaye wanda yake yin juyi ɗaya tak a wannan tsakani, kuma duk tozon da ya zo wucewa yakan tura bawul ya buɗe, daga baya sifirin ya mayar da shi ya rufe. Ke nan siffar tozon ce take ƙayyade lokacin da injin zai shaƙa, da yawan abin da zai shaƙa, da kuma saurin juyin da zai fi jin daɗin aiki a cikinsa.

An zaɓi Twin Cam ne saboda yawan kamshaf na sauyi da ake ƙera masa. Ya fito a 1999 da girman sisi 1450, an faɗaɗa shi zuwa 1584 a 2007, daga baya zuwa 1690, kafin injin Milwaukee-Eight ya fara maye gurbinsa a baburan 2017. Kamshaf biyu ne a cikinsa, kowace silinda da nata, kuma kamfanoni irin su Andrews Products da S&S Cycle sun daɗe suna ƙera masa tozaye iri-iri.

2.0 Ma'aunan Tozo

Ɗagawa ita ce nisan da bawul yake yi daga mazauninsa idan ya buɗe gaba ɗaya. A Twin Cam tozon yana tura tafet, tafet ya tura sandan turi, shi kuma ya motsa roka mai ninka motsin sau 1.625 kafin ya kai ga bawul. S&S kan laƙaba wa kamshaf ɗinsa suna da wannan ma'auni, don haka mai lamba 510 yana ɗaga bawul inci 0.510, mai lamba 585 kuma inci 0.585.

Tsawon buɗewa shi ne adadin digirin da kiranshaf yake juyawa alhali bawul yana buɗe, kuma a nan ne ake yawan ruɗar mai saye. Tozo ba ya ɗaga bawul farat ɗaya, a hankali yake somawa, saboda haka dole a tsayar da matakin da za a fara ƙidaya daga gare shi. Maƙeran kamshaf na Harley sun saba aunawa daga inci 0.053 na ɗagawar tafet, na motocin Amurka daga inci 0.050, kamfanonin Japan kuwa galibi daga milimita 1. Wanda ya kwatanta alƙaluma biyu da ba a auna su daga mataki ɗaya ba ya gwada mudu ne da tiya.

Akwai kuma haɗuwar buɗewa, wato ɗan lokacin da fistan yake can sama a ƙarshen fitar da hayaƙi, bawul ɗin fitarwa bai gama rufewa ba, na shigarwa kuma ya soma buɗewa. A saurin juyi mai yawa hayaƙin da ke ficewa yakan jawo sabon cakuɗe a bayansa, amma a silo sai hayaƙin ya riƙa komowa, injin ya yi ta gargada. Wannan gargadar ce wasu mahaya suke sha'awar ji suna ɗaukar ta alamar ƙarfi, alhali alama ce ta injin da ba ya shaƙa da kyau a wannan mataki.

3.0 Rufewar Bawul Ɗin Shigarwa da Matsi

Bawul ɗin shigarwa ba ya rufewa daidai lokacin da fistan ya kai ƙasa. Ana jinkirta rufewar har sai fistan ya soma hawa, domin iskar da ta riga ta ɗauki gudu a cikin bututu takan ci gaba da kwarara ko da fistan ya juyo. Amfanin wannan jinkiri ya dogara kacokan ga saurin injin. Idan juyin ya yi yawa, iskar tana da nauyin gudun da zai rinjayi fistan, silinda ta cika fiye da yadda za ta cika da an rufe da wuri. Idan kuwa juyin kaɗan ne, fistan ne yake rinjaye, ya mayar da wani kaso na cakuɗen ta inda ya shigo.

Daga nan ne bambancin matsi iri biyu ya taso. Matsin lissafi shi ne kwatancin girman silinda idan fistan yana ƙasa da girmanta idan yana sama, kuma a Twin Cam na farko ya kai kusan 9 bisa 1. Matsin aiki kuwa ba ya somawa sai bawul ya rufe. Tafiyar fistan a wannan inji inci 4 ce, kuma lissafi ya nuna cewa idan bawul ya rufe a digiri 30 bayan fistan ya bar ƙasa, saura kusan inci 3.8 na tafiyar, matsin aiki ya tsaya wajen 8.6; idan kuwa aka jinkirta zuwa digiri 50, abin da ya rage bai wuce inci 3.44 ba, matsin ya sauko wajen 7.9. Tazarar digiri 20 kawai ta cinye wannan matsi, kuma mahayi zai ji rashinsa a duk lokacin da ya murɗa totur daga tsaye ko ya fuskanci hawa da kaya a baya.

Wannan ne dalilin da ya sa kamshaf mai dogon buɗewa yake buƙatar a ɗaga matsin lissafi ta hanyar sauya fistan, ko rage kaurin gasket, ko kankare kan silinda. Akasin haka ma yana da nasa haɗarin, domin idan aka haɗa rufewa da wuri da matsi mai yawa, sitata takan sha wuya wajen tayar da injin mai zafi, cakuɗen kuma ya riƙa fashewa ba bisa tsari ba, abin da kan ji wa fistan rauni, musamman a yanayin zafi da fetur mai ƙarancin okten.

Ƙarfin doki, a ma'aunin Amurka, ƙarfin murɗawa ne da aka ninka da yawan juyi a minti aka raba da 5252. Saboda haka kamshaf ɗin da ya tura ƙarfin murɗawa zuwa saman juyi zai ba da adadin doki mai ban sha'awa a takarda ko da ya raunana injin a ƙasa. Babban babur na doguwar tafiya, mai ɗauke da mutum biyu da akwatuna, yana shafe mafi yawan tafiyarsa tsakanin juyi 2000 da 3500 a minti, kuma kuskure ne babba a sayar da ƙarfin wannan tsakani domin ƙarfin da ba ya bayyana sai an haura 5000. Irin wancan kamshaf babur marar nauyi ya dace da shi, wanda aka gyara hanyoyin iskarsa aka kuma ɗaga matsinsa.

4.0 Abin da Sauran Injin Zai Iya Ɗauka

Ɗagawa mai yawa tana iya matse sifirin har zobbansa su haɗe, tana kuma iya kusantar da bawul ga fistan ko ga ɗan'uwansa a lokacin haɗuwar buɗewa. Ƙwararren bakanike kan shimfiɗa laka mai laushi a kan fistan, ya ɗaura kan silinda, ya juya injin da hannu, sannan ya auna kaurin da lakar ta rage. Twin Cam na 1999 zuwa 2006 yana da wata matsala ta daban: madannin sarƙar kamshaf mai sifirin yana da takalmin roba da ke cinyewa, har kamfanin ya koma ga madanni mai aiki da matsin mai a baburan Dyna na 2006, sauran kuma a 2007. Masu sauya sarƙar da giya sai sun fara auna karkatar bakin kiranshaf, domin giya ba ta jure karkatar da sarƙa take haɗiyewa, kuma ya kamata a sabunta boris na ciki na kamshaf tun da an riga an buɗe wurin.

Sabon kamshaf yana sauya yawan iskar da ke shiga, don haka wajibi ne a sake daidaita kafireta ko kwamfutar feshin mai, a kuma tabbatar da sakamakon a na'urar gwajin ƙarfi. Doka ma tana da ta cewa: a 2016 Harley-Davidson ya amince da biyan tarar dala miliyan 12 ga gwamnatin Amurka kan sayar da na'urorin daidaita inji da suka saɓa wa ƙa'idar hayaƙi.

Ba kowane inji ne yake ba da wannan damar zaɓi ba. Honda CG125, wanda ya fito a 1975 kuma injuna masu kwaikwayonsa suka yawaita a Nijeriya da Nijar, tozo ɗaya ne yake buɗe bawul ɗinsa biyu, saboda haka duk abin da aka ƙara wa shigarwa an ƙara wa fitarwa, kuma ba a iya matsar da lokacin rufewar ɗaya ba tare da an taɓa na ɗayan ba.